Shahon Kan Tanki

A harabar kamfanin kai saƙo babu wanda ya damu da sunansa na yanka. Kowa Mai Zabo yake ce masa, shi kuma yana amsawa, don ya gaji da gardama. Asalin sunan wani tsuntsu ne da aka zana a kan tankin babur ɗinsa, fukafukai a buɗe, baki a lanƙwashe. Wanda ya zana ya ce shaho ne. Mai babur ma ya ce shaho ne. Sauran jama'a, da yake ba su haɗa jini da mai zanen ba, suka ce zabo ne da aka tsorata.

Yayansa ne ya yi zanen. A zamaninsa Yaya mai rubuta allon shaguna ne, kuma babu layin da za ka bi a garin ba ka ga hannunsa ba: allon mai aski, na mai gyaran agogo, na likitan haƙori da haƙorinsa ya fi kan mutum girma. Sai injin buga sitika ya sauka. Masu shaguna suka gano cewa inji ba ya neman a jira fenti ya bushe, kuma ba ya musu a kan launi. Aka riƙa sauke allunan Yaya ɗaya bayan ɗaya, wasu aka yi ƙyauren akurkin kaji da su. Daga baya hannunsa ya kama rawa, likita ya raɗa wa ciwon suna mai tsawo, buroshi ya koma cikin gwangwani. Abin da ya rage na aikinsa a idon jama'a shi ne tsuntsun nan, wanda ya zana wa ƙanensa ranar da ya sayi babur, tare da gargaɗin kada ya kuskura ya yi masa godiya.

Mai Zabo bai yi godiya ba. Abin da ya yi ya fi godiya nauyi, domin ɗaura ɗamarar kare tsuntsun ya yi.

Fentin buroshi ba ya da ƙarkon na kamfani, ƙaramin abu ke karce shi. Don haka ya samo leda mai kauri, garau kamar ruwa, irin wadda ake manna wa fenti. Ya wanke tanki, ya fesa ruwan sabulu, ya shimfiɗa ledar, ya bi ta da tsohon katin banki yana korar iska daga tsakiya zuwa gefe. Ya ari dirayar gashin matarsa ya ɗumama gefuna har suka kwanta luf a jikin ƙarfe. Aikin ya yi kyau, tsuntsu na ƙyalli a ƙarƙashi. Da a nan ya tsaya, da an ce mutum ne mai tsari.

Amma wata rana ya lura kan bel ɗinsa na gogar ledar a kusa da sirdi. Ya sayo faifan baƙar roba mai gam ya manna a wurin, wutsiyar tsuntsu ta shige ƙarƙashi. Ya lura gwiwoyinsa na goga gefe da gefe in ya taka burki. Ya manna roba a dama da hagu, fukafukai suka tafi. Tarin makullansa na lilo suna bugun tanki, ya manna wata a gaba, kai ya tafi. Masu zuba mai suna ɗiga masa fetur a bakin murfi duk da tsumman da yake tara musu, sai ya yanko roba mai zagaye ya kewaye murfin, wuya ya bi kai. A ƙarshe abin da ake gani bai wuce ƙafa ɗaya ba da wasu siraran layuka na launi tsakanin roba da roba. Sababbin ma'aikata sukan tambayi dalilin sunansa, tsofaffi su ba su labarin kamar na wani gini da aka rushe kafin a haife su.

Ana nan sai ga sabon manaja. Matashi ne mai ladabi, irin wanda ke cewa don Allah kafin ya sallami mutum. Wata safiya ya tara masu babura a ƙarƙashin rumfar kwano ya ce hedkwata ta yanke shawara: kowane tanki za a lulluɓe shi da sitikar kamfani mai launin rawaya. Wanda babur ɗinsa bai zama rawaya ba zuwa ƙarshen mako, za a kwance akwatin kamfani daga bayansa, a rufe masa manhajar karɓar aiki.

"Ranka ya daɗe, baburan dai namu ne ko?" in ji Dogo, wanda bakinsa ya fi ƙafafunsa tsawo.

"Naku ne mana," in ji Manaja. "Shi ya sa kamfani bai ce ku biya komai ba. Kyauta ce."

Aka kalli juna irin kallon mutanen da aka yi wa kyauta.

Kafin rana ta take Mai Sitika ya kafa teburinsa a kusurwar haraba. Mai Zabo ya je ya tsaya yana kallo. Mutumin ya iya aikinsa. Duk abin da ya samu a jikin tanki sai ya ɗaga shi da reza ya ɓare, sannan ya jiƙa tsumma da wani ruwa mai hawa kai ya goge ƙarfen tas kafin ya shimfiɗa rawaya ya bi ta da abin hura zafi.

"Sannu da aiki. Wannan ruwan fa?"

"Tina ce, irin wadda masu fenti ke wanke buroshi da ita. In ba a goge da ita ba, gam ba ya kamawa."

"Ba ta cin fenti?"

"Na kamfani ko a jikinsa. Gasa shi aka yi."

"Na buroshi fa?"

Mai Sitika ya ɗago kai. "Na buroshi? Shafa ɗaya ya koma jikin tsumma."

"To ni akwai leda a kan nawa. A liƙa a kanta mana, ba sai an ɓare ba."

"Ni da hakan ya fi min sauƙi, maigida. Amma cewa aka yi a kan tanki tsirara. Je ka ga mai ofis."

Mai ofis ya saurare shi har ƙarshe, har da gyaɗa kai a wuraren da suka dace.

"Baba, na fahimce ka," in ji Manaja. "Amma sitikar da aka liƙa a kan leda, da yamma sai a ɗage ta a je a yi wa wani kamfani aiki, da safe a mayar. Hedkwata ta san dabarar."

"Ni ban taɓa yi ba."

"Na sani, Baba. Doka ce ba ta sani ba."

Da ya koma gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki. Ya zayyana mata komai. Ba ta daina taka keke ba sai da ta kai ƙarshen layi, ta ciji zare.

"Baban yara, tsuntsun nan da ko ganinsa ba a yi?"

"Yana nan."

"Na san yana nan. Almakashina ma yana nan, sai dai tun da ya gamu da robarka ko takarda ba ya yankawa, tauna ta yake."

"Ba maganar almakashi ake ba."

"Maganar tukunya ake, na ji. Ni ba zan ce ka yi ba, ba zan ce kar ka yi ba. In ka bari suka goge, zaman gidan nan zai gagare mu saboda ɗaure fuskarka. In ka ƙi, zai gagare mu saboda wani dalilin. Ka duba wanda ya fi saurin warkewa."

Ta ci gaba da taka keke. Wannan a wurinta hukunci ne cikakke, ba ɗaukaka ƙara.

Washegari bayan ya kai saƙon ƙarshe ya biya wajen Yaya. Tsohon yana zaune a benci a ƙofar tsohon shagonsa, wanda yanzu mai gyaran waya ke ciki, da bugaggen allo mai hoton wata waya tana murmushi. Yana riƙe da kofin shayi da hannu biyu, rabi kawai aka zuba masa don kada ya zube.

Mai Zabo ya zata zai ga ɓacin rai. Yaya dariya ya yi har shayin ya fantsale duk da haka.

"Ƙane, bar su su goge. Allon da na fi wahala a kansa a duniya, na gan shi an yi murfin kwata da shi. Na tsallaka ta kai na wuce, ban mutu ba."

"Yaya, shi kaɗai ya rage."

"Me ya rage? Ka riga su ai." Ya nuna babur da haɓa. "Yaushe rabon da in ga kan tsuntsun nan? Ka naɗe shi kamar mai karaya."

"Kare shi nake yi."

"Daga wa? Daga ido? Aikin allo don ido ake yin sa. Rana ta ci shi, ruwa ya doke shi, ya mutu a bakin aiki. Kai kuma ka jefa shi kurkuku kana kai masa ziyara. Je ka riƙe aikinka, kana da yara."

Mai Zabo ya hau babur ba sallama. Ya zo neman wanda zai taya shi faɗa da kamfani, ya koma yana fushi da mutum uku: Manaja, da matarsa, da wanda ake faɗan dominsa. A hanya ya yi ta shirya amsoshin da ya kamata ya ba Yaya, dukkansu masu kyau, dukkansu a makare. Ranar ƙarshen mako da safe, kafin ya fita, ya buɗe akwatin kayan gyara ya ɗauki sifana ya jefa a aljihu. Matarsa ta gani, ta kau da kai.

Harabar ta cika da babura masu rawaya kamar an ƙyanƙyashe 'yan tsaki. Dogo ya daɗe yana cusa makullinsa a babur ɗin wani yana zagin makanike. Mai Zabo ya bi layi a ƙarshe, yana tura babur a hankali, har ya zo gaban teburi.

Mai Sitika ya ɗauki reza ya nufi gefen roba. Mai Zabo ya riƙe masa hannu.

"Kar ka taɓa."

"Maigida, ni fa aiki aka ba ni."

"Na sani. Kar ka taɓa."

Aka kira Manaja. Ya fito da ladabinsa a guge, jama'a suka matso, don babu abin da ke tara ma'aikata kamar ganin za a kori wani.

"Baba, don Allah taimake ni in gane," in ji Manaja. "Me ake karewa ne? Ni tun da na zo wurin nan roba kawai nake gani."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Maganar Yaya ce ta dawo a bakin yaron da bai taɓa riƙe buroshi ba. Mai Zabo ya juya wajen Mai Sitika.

"Ara min abin hura zafin nan naka."

Ya ɗumama robar gaba har gam ya saki, ya sa farcen babban yatsa ya ɗaga, ya ja a hankali. Da yake a kan leda ya manna ta, ta taso ba ta ɗauko komai ba. Ya murje ragowar gam da yatsa. Kan tsuntsu ya fito, ido a buɗe, kamar wanda aka tasa daga barci yana neman ba'asi. Ya cire ta murfi. Ya cire ta dama da ta hagu. Ya cire ta wajen sirdi, ya tara su duka a kan teburi.

Tsuntsu ya bayyana gaba ɗaya, kuma a nan ne kariyar ta nuna aikinta. Duk inda roba ta rufe, launi na nan sabo fil kamar jiya aka shafa. Duk inda ta bari, rana ta lashe shi ya yi fari. Jikin ya zama dabbare-dabbare tun daga wuya har wutsiya.

Dogo ne ya fara fashewa. "Wallahi zabo ne! Da can zargi muke, yau ga shaida ta fito!"

Harabar ta ɗauka. Har mai gadi ya baro ƙofa ya zo ya yi tasa dariyar ya koma.

Mai Zabo bai ji su sosai ba. Layin da ya taso daga bakin tsuntsun ya gangaro wuya ya shige ƙirji yake kallo. Ja ɗaya aka yi masa, babu inda buroshi ya tsaya ya huta, babu inda ya karkace. Ya tuna yana tsugune a gefe ranar da aka ja shi, Yaya na riƙe da sigari a ɗaya hannun yana yi masa faɗa a kan ya daina numfashi a kan fenti. Hannun da ya ja layin nan yanzu rabin kofi ake zuba masa.

"Yana da kyau, Baba," in ji Manaja, don an koya masa cewa haka ake faɗa. "Ga shawara. Bari mu ɗauki hotonsa da waya. Wannan bawan Allah ya buga maka shi a sitika, babba, ka liƙa a ɗaki. Ka ga ba ka rasa komai ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, har yana jin daɗin kansa. Mai Sitika, wanda ya san wane ne Yaya kamar yadda duk mai sana'ar ya sani, ya sunkuyar da kai yana gyara tsumman da ba ya bukatar gyara.

"Injin da ya rufe shagon mai zanen," in ji Mai Zabo, "shi zai buga min hoton gawar?"

"Baba, ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi. Akwatin naku ne, rigar taku ce. Tankin nawa ne."

Ya zaro sifana ya zagaya bayan babur. A ransa ya tsara cewa zai kwance akwatin cikin ƙiftawar ido ya dire shi a gaban Manaja ya wuce. Notuna suna da nasu ra'ayin. Na farkon suka kwance, na ƙarshe ya yi tsatsa ya kafe. Ya ja, ya danna, sifana ta zame ta fasa masa bayan yatsa. Ya tsotse jinin ya sake kamawa. Jama'a suka tsaya suna kallon mutum yana barin aiki a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Hagu ake juyawa, Mai Zabo," in ji Dogo, amma muryarsa ta sauka.

Mai Sitika ne ya taso ya ɗiga wa notin baƙin mai, ya tallabe akwatin daga ƙasa. Noti ya yi ƙara ya saki. Suka sauke akwatin tare. Mai Zabo ya tuɓe rigar kamfani ya ninke ta da kyau ya ɗora a kai.

"Baba, ka yi tunani," in ji Manaja. "Kana da iyali."

"Na yi. Ai sifanar ba a nan na tsince ta ba."

"Robobin naka fa, maigida?" in ji Mai Sitika.

"Ka ba wa Dogo, ya manna a baki."

Ya tura babur har waje kafin ya tayar, don kada a ce ya gudu.

Yaya na kan bencinsa. Da ya hango babur ba akwati, ya ajiye kofi. Da ya ga tanki, ya lalubo tabarau ya taso da ƙyar. Ya zagaya dama, ya zagaya hagu, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ledar.

"Ka mai da min shaho zabo," ya ce a ƙarshe.

"Shaho ne."

"Gefen fiffiken hagu ya koɗe. Kawo shi gobe, a ɗaga ledar in ɗan taɓa shi." Ya ɗaga hannun dama kamar mai riƙe da buroshi, yatsun suna ta kaɗawa a iska. Su biyun suka kalle su.

"Ko kai ba za ka taɓa ba, Yaya."

"Aikina ne fa."

"Ai ka riga ka ba ni."

Yaya ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. "Tun kana rarrafe kanka ya fi turmi tauri. Akwatin fa?"

"Na bar musu abinsu."

"Na ce maka ka riƙe aikinka."

"Ka ce."

"Matar taka ta sani?"

"Can na nufa yanzu."

"To da ka rage robar nan guda ɗaya ka manna a goshi." Ya koma ya zauna, ya juya bencin yadda zai riƙa kallon babur. "Ka riƙa biyowa ta layin nan. Ba don ni ba, hanyar ta fi kyau."

Kafin ya hau, Mai Zabo ya juya bel ɗinsa ya mai da kan ƙarfen gefen ƙugu, ya zare tarin makullai ya bar na babur shi kaɗai. Ya tsaya a shagon kayan ɗinki ya sayi almakashi, ya gwada shi a kan ƙyalle a gaban mai shago, ya soke shi a aljihun da sifana take. Bai san inda zai kai saƙo gobe ba, bai kuma shirya abin da zai faɗa a gida ba.

A mararraba danja ta tsayar da shi. Rana na dukan tanki kai tsaye, babu abin da ya tare ta sai siririyar leda. Wani direban motar haya ya leƙo ta taga, ya ƙura wa tankin ido, ya washe baki.

"Malam, wa ya zana maka wannan zabon?"

"Yayana," in ji Mai Zabo. "Kuma shaho ne."

Danja ta ba da hannu, ya sa giya.